Yaya ake haɗa hoto da rubutu ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu harkar hoto da masu rubutu. Aiki nake so in yi na ƙashin kaina, ba na neman kuɗi ba: hotunan zaman mutanenmu a Legas, daga Agege zuwa Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, kowane hoto da ɗan rubutu a gefensa. Wani rubutun gaskiya, wani kuma ƙirƙira, wato abin da hoton ya ɗarsa mini a rai. A ƙarshe ina so ya zama ɗan littafi da za a riƙe a hannu, ko da kwafi 20 ne.

Kayan aikina waya ce ta Android mai megafiksel 12 da ke da yanayin Pro, sai tsohuwar Canon mai gilashi 18–55mm.

Ga inda gizo ke saƙar. In na yi rubutu a ƙarƙashin hoto, sai in ga abin da ido ya riga ya gani kawai na maimaita. In kuma na saki alƙalami, sai rubutun ya yi gabas, hoton ya yi yamma. Su kansu hotunan, in mutum yana sanye da farar riga fuskarsa baƙa ƙirin take fitowa, na dare kuwa duk a dushe suke. Sannan ban san inda ƙirƙira ya kamata ta tsaya ba a kan hoton mutumin da yake raye yana neman abincinsa. Wanda ya sani ya taimaka, dalla-dalla don Allah.

Malama Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren rubutu, na kyamara akwai waɗanda suka fi ni.

Maganin matsalarka ta farko yana cikin harshenmu. Bahaushe gani da ji ya sani, kuma wannan "ji" faɗi gare shi. Ana jin ƙara, ana jin wari, ana jin ɗanɗano, ana jin zafi da sanyi, ana jin tsoro, ana jin magana. Hoto ya riga ya ɗauke maka gani gaba ɗaya, abin da ya rage wa alƙalami shi ne ji. Don haka duk jimlar da ka rubuta, ka tambayi kanka ko mai kallon hoton zai iya sanin wannan da idonsa. In zai iya, goge ta.

A ce ka ɗauki hoton takalma a ƙofar masallaci a Idi-Araba ranar Juma'a, kafin ka shiga: silifas birjik, sandal, wani sau-ciki da aka take wa dunduniya, da takalmin yaro guda a kife. In ka rubuta "Takalman masallata ranar Juma'a", ba ka ƙara komai ba. Ga hanyoyin da hoton zai amfana da kai.

Ta farko gaskiya tsantsa, amma daga wajen hoton: "Idi-Araba, ƙarfe 1 da rabi. Lasifika tana ƙarar gwaji, mai turare yana zagaya sahun waje, zafin kwalta yana ratsa tabarma zuwa tafin ƙafa." Ƙara, ƙamshi, zafi. Babu ko ɗaya da kyamara ta iya ɗaukowa.

Ta biyu maganar da ka ji da kunnenka a wurin, ka rubuta ta yadda aka faɗe ta. In an cakuɗa ta da Yarbanci ko burokin, bar ta a haka, kada ka wanke ta ta koma Hausar aji. Cakuɗar ita ce Legas ɗin.

Ta uku ƙirƙira. Mafi sauƙinta kuma mafi aminci ita ce ka ba wa kaya baki, yadda tatsuniya take yi tun fil azal. Sau-cikin nan zai iya cewa: "Ba lalaci ne ya take mini dunduniya ba. Sau biyar a rana ake cire ni, mai ni ya gaji da sunkuyo." Jimla biyu, amma mai karatu zai koma ya sake duban takalmin. In rubutu ya mayar da ido kan hoto karo na biyu, ya yi aikinsa.

Batun rubutu ya yi gabas hoto ya yi yamma, ƙugiya ce babu. Ka zaɓi abu guda da ake gani a hoton, ka ambace shi sau ɗaya a rubutun, kamar dunduniyar nan. Guda ɗaya tak. In ka ambaci uku ka koma bayanin hoto, in ba ka ambaci ko ɗaya ba mai karatu zai zaci kuskuren shafi aka yi.

Yanzu tsarin aikin. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, ko ka yi rikodin murya a waya in hannu ba dama. Cikin minti 10 da ɗaukar hoto ka ajiye abu biyar: lambar hoton, lokaci da wuri, ƙarar da ta fi kowacce, warin wurin, da jimla ɗaya da ka ji wani ya faɗa. Wari da ƙara su ne suke fara guduwa daga ƙwaƙwalwa, gobe war haka ba za ka tuna ko hayaƙin gawayi ne ko na janareto ba. Ainihin rubutun kuwa kada ka yi shi a ranar. Bari kwana 3 zuwa mako guda, ka kalli hoton minti ɗaya, ka kife shi, sannan ka rubuta. Muddin hoton yana gabanka, hannunka lissafa abin da ke ciki zai dinga yi.

Zubin farko ka bar shi ya kai kalma 200. Sai ka sassaƙe shi ya dawo 40 zuwa 80. Yawanci jimlar farko sharar maƙogwaro ce, ta ƙarshe kuma wa'azi, duk biyun su tafi. Ka cire kalmomin tausayi irin su "bawan Allah", "abin tausayi", "talaka futuk". Mai turin ruwa da ke tura kura mai jarkoki a hawan titi sana'arsa yake yi, bai roƙi kowa ya tausaya masa ba. Ka karanta da ƙarfi kafin ka amince, inda harshenka ya harɗe nan ne jimlar take da aibu.

Wani atisaye da ke buɗe kai: mako ɗaya hoto ya riga rubutu, mako na gaba rubutu ya riga hoto. Ka rubuta layi uku a gida, ka fita farautar hoton da zai zauna da su. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ne yake koya wa ido haƙuri.

Mai Hoton Obalende:

Malama ta gama magana a kan rubutu. Ɗan'uwa, zo mu duba hasken.

Fuskar da take baƙi a kan farar riga ba laifin kyamararka ba ne. Ma'aunin haske na kowace kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka. In farar shadda ta cika hoton, sai ya rage haske don ya dusashe farin, fuska mai duhu kuma ta nutse. Ka ƙara inuwar hula, da ranar Legas da ke tsayawa kusan tsakar ka daga ƙarfe 11 zuwa 3, sai idanu su zama ramuka. A Canon ɗinka, danna maɓallin +/- ka ƙara haske da +2/3 zuwa +1. A waya, taɓa fuskar mutumin a sikirin, ka ja alamar ranar sama kaɗan. Amma in ka wuce gona da iri aikin wuyan rigar zai ƙone ya zama fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Shi ya sa ake ɗauka a RAW, wato tsarin da ke ajiye hoton ɗanye yadda kyamara ta ɗauko shi, don ya fi jure gyara. Kyamarar tana da shi, wayoyi da yawa ma suna da shi cikin Pro da sunan DNG. Daga baya a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom sai ka ɗaga inuwa, ka sauke farin. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne ka matsar da mutumin taku biyu zuwa bakin inuwar rumfa, fuskarsa tana kallon waje.

Lokaci: rana tana fitowa a Legas tsakanin wajen 6:30 da 7:05 duk shekara, tana faɗuwa tsakanin wajen 6:25 da 7:05. Hasken nan mai taushi bai wuce awa ɗaya da safe da awa ɗaya da yamma ba, kuma in ta faɗi minti 20 zuwa 25 duhu ya rufe. A Mile 12 sa'ar ta zo daidai, don da sassafe ake hada-hadar sauke tumatir da albasa da tattasai. Ranar hadari a watan Yuni da Yuli alheri ce, gajimare yana tace haske yini guda. Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana kashe launi, amma yana jera nisa hawa-hawa, ya dace da hoton gada da bakin ruwa.

Saiti da rana: yanayin Av (inda kai ne kake zaɓar faɗin ƙofar gilashi), ƙofar a f/8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 200 zuwa 400, ka sa ido kada saurin ƙiftawa ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa in mutane suna tafiya. Abin hawa da ke gudu yana son 1/500 zuwa sama. In kana son danfo, motar hayar nan rawaya, ta fito sarai bayanta ya zama jirwaye, koma yanayin Tv (inda kai ne kake zaɓar saurin ƙiftawa), sa 1/30, ka bi ta da kyamara kana juya ƙugu, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Cikin goma wataƙila biyu su yi kyau, haka abin yake ga kowa.

Na dare. Gilashinka yana buɗewa f/3.5 ne a 18mm kawai, da ka zuƙo zuwa 55mm ya tsuke ya koma f/5.6, hasken da ke shiga ya ragu fiye da rabi. Da dare ka zauna a 18mm, ka matsa da ƙafarka. A teburin mai shayi: f/3.5, 1/50, ISO 1600. Ka jingina da bango ko ka ɗora gwiwar hannu a benci. Zaɓin 1/50 yana da dalili. Wutarmu 50Hz ce, ƙwan LED masu araha suna ƙyafta ido yadda mutum ba ya gani, kuma in ka yi sauri fiye da 1/100 za ka ga ratsi-ratsi ko launi yana canzawa daga hoto zuwa hoto. Kada ka kunna filasha, tana kashe tururin shayin da inuwar da suka sa wurin ya yi kyau. Yanayin dare na waya yana haɗa hotuna da yawa ne cikin daƙiƙu, saboda haka duk mai motsi zai fito kamar fatalwa. Wani lokacin wannan ne ma abin da rubutun ƙirƙira yake so.

A ƙarƙashin tamfol shuɗi ko ja na kasuwa, fata tana ɗaukar launin tamfol ɗin. Ka ɗauki hoton farar takarda a wurin, ka daidaita sauran da ita wajen gyara, ko ka mayar da hoton baƙi da fari.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci: ka tsayar da gilashin a 24mm wata guda in da rana ne, ka kuma tsuke batunka. "Rayuwar mutanenmu" teku ce. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aikinsa a nan Legas ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968 har ya tara kusan dubu, da yawa daga ƙeya, bango fayau, yana ajiye sunan kowane kitso. Abu ɗaya ya riƙe. Kai ma zaɓi naka: teburan masu shayi, ko akwatunan masu gyaran takalma, ko hannaye kaɗai.

Sai laima. Danshin garin nan yakan haura kashi 80 cikin 100, fumfuna tana tsirowa cikin gilashi kamar saƙar gizo, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin har abada. Kada ka bar kyamara cikin jakar yadi ko durowa. Sami robar abinci mai murfi da ke rufewa ruf, zuba silika mai canza launi (ƙwayoyin nan masu shan danshi), saka ƙaramin ma'aunin danshi, ka riƙe danshin tsakanin kashi 40 da 50. In ka fito daga ɗaki mai AC, bar ta cikin jaka minti 15 zuwa 20, in ba haka ba gilashin zai yi gumi.

Sunan fayil: shekara, wata, rana, wuri, lamba, kamar 20250314_Mile12_007, kuma lambar nan ce za ta shiga littafin aljihun da Malama ta ce. Kwafi uku: memori, kwamfuta, da Google Drive.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, Malama da Yayana. Na ɗauki teburan masu shayi. Amma ga abin da ya rage: in hoton mai shayin ne da kansa, fuskarsa a fili, na ƙirƙiro masa tunani, a ce yana kewar gida ko yana lissafin bashi, ya halatta? Ai ba sunansa zan sa ba.

Baba Na Alaba Rago:

Ɗana, fuska ta fi suna. A Agege ko Alaba Rago, wa zai ga hoton mai shayi bai gane shi ba? In ka rubuta masa bashi a ƙarƙashin fuska, gobe wanda yake ba shi burodi da madara a kan amana zai fara ɗari-ɗari da shi. In ka rubuta masa kewar wata, maganar za ta riga shi isa gida ta WhatsApp. Kai ƙirƙira ka yi, shi kuma ƙage aka yi masa.

Ka raba aikin gida biyu. Inda ake gane fuska, rubutun ya zama maganar mutumin ce ta bakinsa ko abin da ya faru a gabanka, kuma ka karanta masa kafin ka buga. Inda kake son sakin alƙalami, hoton ya zama babu wanda za a gane: buta a kan gawayi, hannu yana kaɗa ƙwai, jerin gwangwanayen madara, benci bayan an watse, inuwa a bango. Wannan ya kuma yi daidai da waɗanda ba sa son a ɗauki hotonsu saboda fahimtarsu ta addini, kuma suna da yawa cikinmu. In mutum ya ce a'a, magana ta ƙare, ba a ɗauka a ɓoye.

Neman izini yana da tsari. Ranar farko kada ka fito da kyamara. Ka yi sallama, ka zauna, ka sha shayi ka biya. A kasuwa ka fara da shugaban layi ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, a masallaci ka fara da liman ko kwamiti. Ka faɗi abu uku a fili: me kake yi, ina hoton zai je, takarda kaɗai ko har intanet. Izinin takarda daban, na Facebook daban. Ka yi rikodin amincewarsa da murya, minti ɗaya ya isa, ya fi sauƙi ga wanda ba ya son sa hannu a takarda. Bayan mako ka kawo masa hoton a wanke. Wanda ya karɓi hotonsa a hannu shi ne zai buɗe maka teburin maƙwabcinsa. Mata sai da yardarsu, yara sai da ta iyayensu, almajirai sai da ta malaminsu.

Akwai hoton da ke jawo wa mutum asara ko da ba ka rubuta komai ba. Tun Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu wuraren. Hoton ɗan acaɓa da lambar babur ɗinsa a wurin da ake ganewa zai iya zama sanadin ƙwace abin neman abincinsa. Haka masu kasa kaya a bakin titi. Ka kashe alamar wuri ta GPS a kyamarar waya kafin ka fita.

Kai ma ka tsare kanka. Barikin Dodan yana nan a Obalende, kada ka ɗaga kyamara ta wajensa, haka shingen jami'an tsaro da ƙofofin tashar jiragen ruwa ta Apapa. A tashar mota 'yan agbero, wato 'yan kamasho, za su tare ka da maganar kuɗi, shiga da ɗan gari ya fi gardama. Igiyar kyamara a naɗe a hannu, kuma ka juye memori duk daren da ka dawo.

Malama Mai Alƙalami:

Baba, kun yi gaskiya, kuma na karɓa. Sai dai ina ganin akwai ƙofa ta uku da za a bari a buɗe: ƙirƙira tare da wanda ke cikin hoton. Ka tambayi mai shayin, in butar nan za ta yi magana me za ta ce? In an ba ka hutun kwana uku daga teburin nan ina za ka? Amsar tasa ce, ƙirƙira ce, kuma ya san da ita. Sau da yawa abin da zai faɗa ya fi naka armashi, don shi ya san nauyin butar.

Sharaɗin shi ne mai karatu ya iya rarrabewa. A shafin farko ka rubuta layi biyu: rubutun da ke tsaye gaskiya ne, wanda ke karkace ƙirƙira ce. Ko ka bar gaskiya da haruffan inji, ƙirƙira da rubutun hannunka, da boko ko da ajami. Kakanninmu ba su taɓa fara tatsuniya ba sai sun ce "ga ta nan, ga ta nanku", don kowa ya san irin maganar da za ta biyo baya. Wannan ƙa'idar ta shafi gyaran hoto ma. In ka ɗora hoto kan hoto a Snapseed, a ce tururin shayi a kan ruwan lagun, wannan shafin ƙirƙira ne, rubutun gaskiya ba zai zauna a gefensa ba.

Mai Ɗab'i a Shomolu:

Salamu alaikum. Ni a kan takarda zan yi magana, don a nan aikin mutane da yawa yake lalacewa bayan an sha wahalarsa.

Kafin komai ka wanke hotuna 30 a ƙaramin girma, inci 4 da 6, ka shimfiɗa su a tabarma. A sikirin ba a iya jera hoto. Ka zaɓi 10 zuwa 12, ka bar su a ƙasa kwana biyu kana sauya musu wuri. Hotuna biyu masu faɗin abu ɗaya, ɗaya ya fita ko da kana ƙaunarsa. Teburin shayi yana da jeri na kansa: daga hura gawayi da asuba zuwa kife kofuna da dare.

Girman da ya fi araha shi ne A5, wato A4 a ninke biyu, a ɗinke tsakiya da sitefula biyu. Shafuka dole su zama ninkin 4. Takarda 4 shafi 16, takarda 6 shafi 24. In shafi 16 ne, ga yadda suke haɗuwa: takarda ta farko 16 da 1, bayanta 2 da 15. Ta biyu 14 da 3, bayanta 4 da 13. Ta uku 12 da 5, bayanta 6 da 11. Ta huɗu 10 da 7, bayanta 8 da 9. Kowane biyu in ka tara 17 ne, da haka za ka gane kuskure. Shafi 8 da 9 su kaɗai ne takarda ɗaya a shimfiɗe, can za ka sa hoton da ke son faɗi. A sauran wurare rabin hoton ba zai haɗu da rabinsa daidai ba. Ka ninke fararen takardu ka rubuta lambobin da biro kafin ka taɓa kwamfuta.

Kaifin hoto: ana so ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken shafin A5 yana buƙatar fiksel 1748 da 2480, A4 kuma 2480 da 3508. Wayarka mai megafiksel 12 tana ba da wajen 4000 da 3000, ta isa har A4, in ba ka yanke hoton da yawa ba. Abin da ke kashe shi WhatsApp ne, yana matse hoto zuwa wajen fiksel 1600 a dogon gefe in an tura shi a matsayin hoto. Ka tura a matsayin fayil, ko ka kawo a filash. In hoton zai kai bakin takarda, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙa, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 10.

Takarda: ciki giram 120 zuwa 150 marar ƙyalli, bango 250. In ka sa mai kauri a ciki, littafin ba zai rufu ba. Bango mai 250 a ja masa layin ninki kafin a ninke, in ba haka ba tawada za ta tsage a gadon baya. In za ka yi rubutun hannu a kan shafi kamar yadda Malama ta ce, mai ƙyalli ba ta shan tawada, za ta goge a yatsa. Ko ka rubuta da baƙar tawada a farar takarda daban, a yi mata sikanin a ɗigo 600 a kowane inci, a ɗora.

Kwafi 20 aikin injin dijital ne. Babban inji sai an yi faranti, ba ya biyan kansa sai kwafi ya kai ɗaruruwa. Ka sani hoto yana fitowa da duhu a takarda fiye da sikirin, don sikirin fitila ce. Hotunanka na dare ka ɗaga musu inuwa kaɗan, ka rage hasken sikirin zuwa rabi lokacin gyara. Ka biya kuɗin gwajin kwafi ɗaya, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana. Baƙi da fari yakan fito da ɗan kore ko ja-ja in an buga shi da launi huɗu, ka ce a gwada da baƙar tawada kaɗai ka kwatanta.

Sai babbar matsalar masu rubutun Hausa: haruffa masu ƙugiya. Da yawa daga cikin shagunan nan da manhajar CorelDraw suke aiki, kuma in salon haruffan da ke kwamfutarsu ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su koma akwati ko alamar tambaya, ko harafin ya fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma. Mai aikin ba lallai ya ji Hausa ba, ba zai lura ba. Wani ma ya mayar da ƙ ta zama k don ya taimake ka, "ƙafa" ta koma "kafa". Ka yi rubutun da salon haruffa na Noto Serif, Charis SIL ko Gentium, duk kyauta ne kuma suna da haruffan har manyansu. Ka fitar da aikin a PDF da haruffan a cikinsa, ka ce a buga yadda yake, kada a buɗe shi a sake jerawa. A kwafin gwaji, abin da za ka fara dubawa shi ne manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ a farkon jimla da kan bango, sannan ka duba su a rubutun da ke karkace, don akwai salon da yake da su a tsaye amma babu a karkace.